Jirgin Jet da Fadamar Gwaza: Yadda Tukunyar Mutanen Hawai Ta Sauya

A watan Agustan 1959 tsibiran Hawai suka zama jiha ta 50 a ƙasar Amurka. A cikin wannan shekarar ce kuma jiragen jet masu ɗaukar fasinja suka fara sauka a Honolulu, babban birnin jihar. Tafiyar da a da take cin kusan kwana biyar a jirgin ruwa daga gaɓar Kalifoniya, ko awa tara zuwa goma a jirgin sama mai farfela, sai ta dawo awa biyar kacal. Aka yi ta murna, domin nesa ta zo kusa.

Wataƙila ki ce, 'yar uwa, me ya haɗa mu da wasu tsibirai da ke tsakiyar tekun Pasifik, kusan kilomita 4,000 daga gaɓar Amurka? Gwaza ce ta haɗa mu. Gwazar nan da ake dafawa a sayar a talla, wadda yara ke ci da ƙuli da yaji, ita ce uwar abincin 'yan asalin Hawai tun kaka da kakanni. Su suna kiran ta kalo. A ƙididdigar hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman gwaza, Kamaru da Gana ma suna cikin na sahun farko. To amma a Hawai matsayinta ya wuce na abin marmari. Ita ce tuwonsu, ita ce kunun yaransu, har sunan iyali ma daga jikinta suka samo shi.

A yau jihar Hawai tana shigo da kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na abincin da take ci daga waje, kamar yadda gwamnatin jihar ta ƙiyasta. 'Yan asalin tsibiran kuma suna cikin waɗanda ciwon suga da ciwon zuciya suka fi addaba a jihar. Yadda aka taso daga fadamar gwaza aka iso nan, labari ne da ya kamata duk uwar da ke ɗora tukunya ta ji. Amma bari mu fara da jirgin kansa.

Jirgin da aka nutsar a tankin ruwa

Jirgin jet na farko ya tashi ne a Jamus ranar 27 ga Agusta, 1939, kwana biyar kafin ɓarkewar Yaƙin Duniya na Biyu. Sunansa Heinkel He 178, kuma 'yan mintoci ya yi a sama ya sauko. Ingila ta biyo baya ranar 15 ga Mayu, 1941, da injin da Frank Whittle ya ƙera. Bambancin wannan inji da mai farfela shi ne, yana zuƙar iska ta gaba, ya matse ta, ya haɗa ta da mai ya ƙona, sannan ya feso ta da ƙarfi ta baya. Wannan feshin ne ke tura jirgin gaba.

Bayan yaƙi sai hankali ya koma kan ɗaukar fasinja. Ranar 27 ga Yuli, 1949, matuƙin gwaji John Cunningham ya tashi da jirgin Comet na kamfanin de Havilland a Ingila, ya yi kimanin rabin awa a sama. A watan Mayun 1952 jirgin ya fara jigila daga Landan zuwa Johannesburg da fasinja 36, yana yada zango a wurare da dama, ciki har da Khartum da Entebbe. Duniya ta yi ta mamakin saurinsa da rashin jijjigarsa.

Sai ga mummunan labari. A watan Janairun 1954 wani Comet ya tarwatse a sama kusa da tsibirin Elba na Italiya, mutum 35 suka rasu. A watan Afrilu wani ya sake tarwatsewa kusa da Naples, mutum 21 suka rasu. Babu hadari, babu harbi, jirage ne sababbi. Aka dakatar da su duka.

Abin da masu bincike suka yi a Farnborough ya shiga tarihi. Sun gina wani ƙaton tanki, suka saka gangar jikin wani Comet a ciki, suka cika da ruwa. Dalili kuwa shi ne, jirgin jet yana tashi can ƙololuwar sama inda iska ta yi ƙaranci, don haka dole a riƙa cusa iska a cikinsa saboda fasinja su yi numfashi. Duk tashi ɗaya jikin jirgin ya ɗan kumbura, duk sauka ɗaya ya ɗan motse. Sai suka riƙa ƙara matsin ruwan suna ragewa, dare da rana, suna kwaikwayon tashi da sauka. Da aka kai kwatankwacin tafiya 3,000, idan aka haɗa da waɗanda jirgin ya riga ya yi, sai jikinsa ya tsage daga kusurwar wata taga.

Wannan shi ake kira gajiyar ƙarfe. Ki ɗauki cokali ki lanƙwasa shi sau ɗaya, ba zai karye ba. Ki yi ta lanƙwasawa kina miƙarwa, wata rana zai rabu biyu a hannunki. Da wannan darasi aka ƙara kaurin jikin jirage, aka gyara tsarin tagogi da ƙofofi, aka kuma tsaurara gwaji.

A Amurka kamfanin Boeing ya tashi da jirginsa na gwaji ranar 15 ga Yuli, 1954. Bayan shekara guda matuƙin gwajinsa, Tex Johnston, ya juya wannan ƙaton jirgi a sama, ciki ya koma baya, a gaban taron jama'a kusa da birnin Seattle, don ya nuna ƙarfinsa. Daga wannan jirgi aka samo Boeing 707, wanda ya fara jigilar fasinja a 1958, kuma irinsa ne ya isa Honolulu a 1959.

Ki riƙe wannan a ranki: jirgin bai isa Hawai ba sai da aka gwada shi iya gwaji. Yanzu mu dubi ƙasar da ya sauka a kanta.

Daga kan dutse zuwa bakin teku

Kakannin mutanen Hawai sun iso tsibiran ne a cikin manyan kwalekwale kimanin shekara dubu da suka wuce, daga wasu tsibirai na kudancin Pasifik. Sun zo da irin shukarsu: gwaza, dankali, ayaba, rake, kwakwa, da wata bishiya mai manyan 'ya'ya masu ƙosarwa da suke kira ulu. Sun zo da kaji da karnuka da aladu. Ba su da ƙarfe, ba su da shanun huɗa. Da sandar tono ta itace suka noma ƙasar da ta ciyar da dubban ɗaruruwan mutane ba tare da an kawo ko ƙwaya ɗaya daga waje ba.

Sirrin yana cikin yadda suka raba ƙasa. Kowane yanki, wanda suke kira ahupua'a, yakan taso daga kan dutse ya gangaro har bakin teku, sau da yawa yana bin rafi guda. Mutanen yanki ɗaya suna da dajin da za su saro itace, da tudun dankali, da fadamar gwaza, da gaɓar kamun kifi. Na sama ya kawo gwaza, na ƙasa ya ba shi kifi da gishiri.

Gwazar kuwa a cikin ruwa ake noma mafi yawanta, kamar shinkafar fadama. Sukan yi fangali-fangali a gangaren kwari, ɗaya a ƙasan ɗaya, su kewaye kowanne da kunya ta laka da duwatsu. Sunan irin wannan fangali lo'i. Daga rafi sai a janyo ruwa ta ƙaramar magudana, ya shiga fangalin farko, ya malala zuwa na biyu, har ya kai na ƙarshe, sannan ya koma rafin. Gwaza tana son ruwa mai sanyi mai gudu. Idan ya tsaya ya yi ɗumi, sai ta ruɓe. A can ƙarshen rafin, a bakin teku, sun gina tafkunan kiwon kifi da katangar dutse, ruwan da ya ratso gonaki yana kawo wa kifin abinci.

Akwai mai kula da rabon ruwa da ƙasa a madadin sarki, ana ce masa konohiki. Ƙa'idar da aka gada ita ce, ba a ɗebe fiye da rabin ruwan rafi a madatsa ɗaya, domin na ƙasa ma ya samu. Yasar magudana aikin gayya ne, kuma rabon mutum na ruwa yana tafiya da irin hannun da ya sa a aikin. A harshensu ruwa shi ne wai. Idan aka maimaita kalmar aka ce waiwai, ma'anarta arziki.

Gwaza a gida

A labarin asali da mutanen Hawai suka gada, ɗan fari na kakanninsu bai zo da rai ba, aka binne shi a gefen ɗaki, sai gwaza ta tsiro a wurin. Ɗa na biyu, mai suna Haloa, shi ne kakan mutane. Saboda haka suke ɗaukar gwaza a matsayin yaya, mutum kuma ƙane: yaya ya ciyar, ƙane ya kula da shi. 'Yan ƙananan tsiron da ke fitowa a gindin uwar gwaza sunansu oha, kuma daga nan ne, in ji masana harshensu, aka samo kalmar ohana, wato iyali.

Ba a shuka gwaza da ƙwaya. Idan an tone ta, sai a yanke wuyanta tare da ɗan guntun kara, a mayar da shi cikin laka. Bayan kimanin shekara guda ta sake nuna. Ke nan gwazar da jika ke ci reshe ce ta wadda kakarsa ta ci. Sun kuma ware ɗaruruwan iri, kowanne da sunansa: wani na fadama, wani na tudu, wani don ganyensa, wani don magani.

Babban abincin da ake yi da ita sunansa poi. Za a turara gwazar a cikin ramin da aka jera duwatsu masu zafi har ta yi laushi, a ɓare, a ɗora a kan faffaɗan katako, a daka da dutse ana yayyafa ruwa har ta yi sumul. Launinsa tsakanin toka da shuɗi-shuɗi. Wasu na son sa sabo, wasu sai ya kwana biyu ya yi ɗan tsami, kamar yadda muke son kamu ya yi tsami kafin a dama koko. Da yatsa ake sha, har ma da yatsun ake auna kaurinsa: akwai poi na yatsa ɗaya, mai kauri ke nan, akwai na yatsa biyu, akwai na uku, wanda ya fi ruwa. Akan haɗa shi da kifi, da ganyen teku, da dafaffen ganyen gwazar.

Abu biyu za su ba ki sha'awa. Na farko, a zamanin da, maza ne ke noman gwaza, su ne kuma ke dafawa da dakawa, har ma maza da mata ba sa cin abinci tare sai da aka soke wannan doka a 1819. Na biyu, al'adarsu ce idan an buɗe ƙwaryar poi a tsakiyar iyali, ba faɗa, ba baƙar magana, domin yaya yana zaune a wurin.

Kafin jet, rake ya sha ruwan

Zai zama rashin adalci a ɗora wa jirgin sama laifin komai. Kafin zuwansa fadamar ta riga ta sha wuya.

Baturen Ingila Kyaftin James Cook ya isa tsibiran a 1778. Jiragen ruwan da suka biyo bayansa sun kawo cututtukan da jikin mutanen bai san su ba, irin su ƙyanda, agana, tarin fuka da mura mai tsanani. Masana na ƙiyasta cewa mutanen sun kai 300,000 ko fiye a lokacin zuwan Cook. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 sun ragu zuwa kimanin 40,000. Gonar da babu hannun da zai yashe magudanarta, ciyawa ce ke gadonta.

A 1848 aka yi babban rabon ƙasa da ake kira Mahele, wanda ya mayar da ƙasa abin saye da sayarwa irin na Turawa. Talakawa kaɗan ne suka samu takardar mallaka, kuma abin da ya shiga hannunsu bai taka kara ya karya ba. Sannu a hankali manyan filaye suka koma hannun kamfanonin rake, daga baya da na abarba. Rake kuwa mashayin ruwa ne. Aka haƙa manyan magudanai, har da fasa duwatsu, aka karkatar da rafuka daga kwaruruwan gwaza zuwa gonakin rake. Ɗaya daga cikinsu ita ce magudanar Waiahole a tsibirin Oahu, wadda aka kammala a 1916. Aka kawo leburori daga Sin, Japan, Fotugal da Filifin, farar shinkafa ta zama abincin yau da kullum. A 1893 aka hamɓarar da Sarauniya Liliuokalani, a 1898 Amurka ta haɗe tsibiran.

Waikiki, unguwar da a yau hotunanta suka cika intanet da dogayen otal-otal a bakin teku, a da fadama ce mai gonakin gwaza da shinkafa da tafkunan kifi. A shekarun 1920 aka haƙa babbar magudanar Ala Wai, aka tsotse ruwan, aka cike fadamar da ƙasa. Sai kuma Yaƙin Duniya na Biyu ya cika tsibiran da sojoji da abincinsu na gwangwani. Tun daga lokacin naman alade na gwangwani mai suna Spam, mai yawan gishiri da kitse, ya zauna daram a ɗakunan girkin jihar.

Sai baƙi suka fara sauka

A kan wannan ƙasa jirgin jet ya sauka. A 1959 masu yawon buɗe ido da suka ziyarci Hawai ba su kai 250,000 ba. A 1967 suka haura miliyan ɗaya. A 2019 suka haura miliyan 10, a jihar da mazaunanta ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba.

Kowane baƙo yana buƙatar ɗakin kwana, ruwan wanka, hanyar mota da abinci irin wanda ya saba. Farashin fili ya tashi. Mai fili ya ga cewa gina gidaje ko filin wasan golf ya fi ba manomi haya riba. Matasa suka ga albashin otal yana zuwa duk wata, gwaza kuwa sai an shekara ana tsaye cikin laka. Iyaye mata da yawa suka shiga aikin gyaran ɗakuna da girki a otal, wasu da aiki biyu saboda tsadar haya. Matar da ta dawo gida da dare a gajiye, wa zai ga laifinta idan ta buɗe gwangwani ta ɗora shinkafa?

Haka poi, wanda a da shi ne abincin talaka, ya zama abin da ake saye a leda da tsada, wani lokaci ma a neme shi a rasa. Baƙi kuma suna ɗanɗana shi a wurin wasannin gargajiya da ake shirya musu, su yamutsa fuska su ɗauki hoto.

Ba a ce jirgin bai kawo alheri ba. Ya kawo ayyukan yi, ya sauƙaƙa zuwa karatu da neman magani da ziyarar 'yan uwa. Amma an gwada ƙarfin jikinsa sau dubbai a cikin tanki, ba a taɓa zama an gwada abin da zai yi wa gona da tukunya ba. Sakamakon wannan gwajin a jikin mutane ya fito, bayan shekaru.

Abin da ya bayyana a asibiti

Mu ma'aikatan jinya mun san cewa ciwon suga da hawan jini ba sa zuwa rana ɗaya. Tamkar gajiyar ƙarfen nan ne. Kwalbar lemo ɗaya ba ta kwantar da kowa. Amma idan kullum suga ya hau a jini ya sauka, kullum gishiri ya matsa wa jijiyoyi, shekara goma, shekara ashirin, wata rana sai tsagar ta bayyana: a ƙoda, a ido, a ƙafar da ciwonta ya ƙi warkewa, ko a shanyewar ɓarin jiki.

Abincin 'yan asalin Hawai na da, yawancinsa gwaza ne da dankali da ulu da ganye da kifi. Kitse kaɗan ne, harza mai yawa, ga aikin ƙarfi a gona da teku. Turawan farko da suka gan su sun bayyana su a matsayin mutane ƙarfafa masu ƙirar jiki. Jikokinsu kuwa suka wayi gari da farar shinkafa, taliya mai mayonis, naman gwangwani, soye-soye da lemon kwalba. Ƙiba, ciwon suga da ciwon zuciya suka yi musu yawa fiye da Turawan da ke zaune a jihar, tsawon rayuwarsu ma ya gaza na yawancin sauran al'ummomin wurin. Talauci da rashin fili da wahalar zuwa asibiti duk suna da hannu a ciki, amma abinci na tsakiyar maganar.

Gwajin kwana 21

A ƙarshen shekarun 1980 wani likita mai suna Terry Shintani da abokan aikinsa a cibiyar lafiya ta Waianae, yankin da 'yan asali suka fi yawa a Oahu, suka yi wani gwaji mai sauƙi. Suka ɗauki mutum 20 'yan asalin Hawai masu ƙiba, suka mayar da su kan abincin kakanninsu na tsawon kwana 21: gwaza, poi, dankali, ulu, ganye, 'ya'yan itace, ganyen teku, da ɗan kifi da kaza. Ba a ce su zauna da yunwa ba. An bar su su ci gwaza da dankali da ganye har su ƙoshi. Da yamma kuma sukan taru su ci tare, ana koya musu tarihin abincin.

Sakamakon da aka wallafa a 1991 ya nuna cewa, idan aka yi tsaka-tsaki, kowannensu ya rage kilo 7.8. Maiƙon cikin jini ya ragu da kimanin kashi 14 cikin 100. Hawan jini da sugan jini ma sun sauka.

A nan sai mu yi hattara. Mutum 20 ba su da yawa, kwana 21 kuma ba shekara ba ce, sannan likitoci na sa musu ido kullum. Gwaza abinci ce mai sitaci, mai ciwon suga ba zai cika kwano da ita ya ce magani yake sha ba. Kuma duk wanda ke shan maganin suga ko na hawan jini, kada ya daina ko ya rage sai da shawarar likitansa. Amma gwajin ya nuna abu guda a fili: abin da aka raina aka ce na ƙauye ne, shi ne jikin ya karɓa hannu biyu. Da tsohuwar zuma ake magani.

Komawa fadama

Tun kafin wannan gwaji wasu sun fara cewa ya isa haka. A 1970 da 1971 aka tashi manoma da mazauna kwarin Kalama a Oahu don a gina gidaje, aka kama waɗanda suka tsaya musu. Bayan 'yan shekaru aka so a yi wa manoman Waiahole da Waikane irin haka. A watan Janairun 1977 suka fito da matansu da 'ya'yansu suka tare babbar hanya. Ƙarshenta gwamnatin jihar ta sayi kimanin eka 600 na kwarin Waiahole, manoman suka ci gaba da zama.

Da kamfanin raken da ke shan ruwan Waiahole ya rufe a tsakiyar shekarun 1990, manoman gwaza suka nemi a mayar da ruwan rafukansu. Maganar ta kai kotun ƙolin jihar, wadda a shekarar 2000 ta tabbatar da cewa ruwa amana ce ta al'umma a hannun gwamnati, kuma dole a kare rafuka da al'adun 'yan asali. A ƙarshen 2016 gonar rake ta ƙarshe a jihar, a tsibirin Maui, ta rufe.

A yau kwarin Hanalei a tsibirin Kauai ne ke samar da mafi yawan gwazar jihar. A wurare da dama iyalai da makarantu suna share tsofaffin fangalin da daji ya cinye, suna gyara katangun tafkunan kifi, ana kai yara su shiga laka su shuka da hannunsu. Har yanzu abin da ake nomawa ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta da na da. Amma shekarar 2020 ta tuna wa kowa muhimmancinsa. Da annobar korona ta tsayar da zirga-zirgar jirage, otal-otal suka rufe, fiye da mutum ɗaya cikin biyar na ma'aikatan jihar suka rasa aiki, motoci suka yi dogayen layuka a wuraren rabon abinci. Wanda abincinsa ke zuwa daga ƙetaren teku, ranar da hanya ta toshe ne yake sanin darajar gona.

Abin da uwa za ta ɗauka

Mutanen Hawai sun rasa fadamarsu ne ta hanyar dokar ƙasa da karkatar da ruwa da tsadar fili, abubuwan da suka fi ƙarfin uwa guda. Amma ɗanɗanon yaro a hannun uwa yake. Abin da harshensa ya saba da shi kafin ya shekara biyar, shi zai nema idan ya girma.

Idan za ki dafa gwaza, ki dafa ta sosai har ta yi laushi, ita da ganyenta. Ƙaiƙayin da take yi a maƙogwaro wasu 'yan ƙananan tsinke ne da ke cikinta, dafuwa ce ke kashe kaifinsu, don haka kada a ba yaro wadda ba ta nuna ba. Iyaye mata a Hawai sun daɗe suna fara ba jarirai poi saboda sauƙin narkewarsa. Ke ma bayan wata shida na nonon uwa zalla, za ki iya dama dafaffiyar gwaza ta yi laushi, ki haɗa da kifi ko ƙwai ko wake ko gyaɗa, domin ita kaɗai ba ta da isasshen abin gina jiki.

Sauran kuwa lissafi ne da kowacce za ta yi a ɗakin girkinta. A cikin mako guda, sau nawa yaranki suka ci abin da aka buɗe daga leda ko gwangwani, sau nawa kuma suka ci gero, dawa, acca, wake, zogale ko gwaza? Akwai abincin da mahaifiyarki ta iya, wanda ke ba ki iya ba, ko kin iya amma 'yarki ba ta taɓa ganin kin yi ba? Idan akwai, tun tsohuwar na da ƙarfin nuna miki, ki je ki zauna kusa da murhunta, ki kuma tafi da yarinyar.